Baffa Cindo da Gajerun Shanu

A gidanmu da ke Rafin Gwaza akwai ƙanen mahaifina, Baffa Cindo. Ya ba hamsin baya, ƙarfinsa ya kai na mutum biyu, kuma tunda nake ban taɓa jin ya yi musu da kowa ba. Halinsa ɗaya ne: abin da ka faɗa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Matarsa, Inna Kande, ta daɗe da gane kansa. Ba ta ce masa ɗebo ruwa kawai. Sai ta ce, "Malam, ɗauki tulun nan, ka je rijiya, ka cika shi, ka dawo nan, ka sauke." In ta manta da "ka sauke", haka zai tsaya da tulu a ka har ta idar da salla.

Ni kuwa, Lurwanu, a shekarar na gama karatun kiwon dabbobi, na dawo gida kaina cike da dabaru. Babbar dabarata ita ce muturu, gajerun shanun nan na kudu marasa tozo, waɗanda tsayinsu bai wuce ƙugun mutum ba. Garinmu a bakin kurmi yake, duk damina ƙudan tsando na cizon manyan shanun Baba, ciwon sammore ya ramar da su. Muturu kuwa suna jure cizon. Na kawo huɗu a bayan a-kori-kura: bijimi ɗaya da mata uku. Ɗaya tana da ciki, na sa mata suna Wake saboda baƙi da farin jikinta.

Sarkin Fawa ya zo kallo, ya zagaya su sau biyu, ya ce, "Likita, shanu ne waɗannan, ko awaki ne suka ƙoshi?"

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Na ba ka fadamar bayan gida. Huɗu ka kawo, huɗu nake son gani ranar da za a yanke dawa. In ɗaya ta faɗi, sauran na Sarkin Fawa ne, fadama kuma ta koma rake." Da yake ina koyarwa a makarantar cikin gari da safe, sai aka ba Baffa Cindo kiwon.

Wata rana, ganin yadda ake raina su, na ce, "Baffa, duk abin da ake yi wa manyan shanu a yi wa waɗannan. Kada a bambanta." Ya ce to. Na dawo da azahar na iske jama'a cike da bakin gona. Baffa ya ɗaura wa bijimin da wata saniya garmar huɗa. Karkiya kuwa a gaban tozo take zama, su kuma ba su da tozo, duk takun da suka yi sai ta zame. Don haka ya shiga ɗaki ya kwaso matasan kan Inna Kande guda biyu, ya ɗaure wa kowannensu ɗaya a doro.

Na ce, "Baffa, mene ne haka?"

Ya ce, "Tozo ne, ɗana. Ka ce kada a bambanta."

Inna Kande na gefe riƙe da haɓa. Ta ce, "Lurwanu, in dai karatun nan naka har da matashin kaina a ciki, ka faɗa mini tun da wuri in ɗinka wani."

Wata rana na zo da sabon tsari. Na kafa turaku, na ja igiya, na raba fadamar gida huɗu. Na yi wa Baffa bayani da zumuɗi: kowane ɓangare su yi kwana uku a ciki, sannan a matsa gaba, kafin a zagayo ciyawa ta sake tohowa. Na ce, "Uku-uku, Baffa, ba tsallakewa." Sati biyu abin na tafiya har ina yi wa kaina kirari a gaban Baba. Rannan aka tafka ruwa tun hantsi, rafi ya tumbatsa, ya shanye ɓangaren da ke gangare. Ashe ranar kwanan wannan ɓangaren ce. Na sheƙo da gudu na iske shanun tsaye cikin ruwa har wuya, Baffa a tsakiyarsu ruwa iya ƙugu, ya tallafe haɓar Wake da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana lalubo ciyawa daga ƙarƙashin ruwa yana cusa mata.

"Baffa, fito da su! Za su nutse!"

"Jiya suka shigo nan. Saura yau da gobe."

"Ba ka ga ruwa ba?"

"Na gani. Shi ne ma nake ta tunani, ko shi ma ruwan ka faɗa masa uku-uku ne."

Da kyar muka janye su. Baba na tsaye a tudu da malafa, sai ya ɗaga mini yatsu huɗu ya juya.

Wata rana na ga kaska ta fara kama nonon Wake. Na nuna wa Baffa yadda ake cire ta ba tare da kanta ya maƙale ba, na ce, "Duk kaskar da ka gani, ka cire ka jefa a wuta." Washegari ya zuba garwashi a kasko ya rataya da waya. Ya gama da namu tsaf. Sai ga akuyar maƙwabta ta wuce da kaska a kunne, ya bi ta. Daga akuya ya hango jakin mai itace, daga jaki ya hango karen Sarkin Fawa kwance a inuwa. Karen bai san da umarnina ba, ya kafa masa haƙori a dantse. Kafin ya dawo, gajerun shanu sun bi ta ƙarƙashin shingen da manya ba sa iya ratsawa, sun cinye kuɓewar Inna Kande har saiwa.

Ina wanke masa cizon kafin mu tafi asibiti, ya ce, "Saura uku a wuyan karen. Gobe in koma?"

Na hana shi. Na zauna da littattafaina, babu shafin da ya yi maganar Baffa Cindo.

Wata rana, dawa ta kusa yanka, aka kira ni birni karɓar takardar shaidar karatu, tafiyar kwana goma. Ga shi na ji ana cewa garken baƙi masu saukowa kudu sun fara yada zango a mashayar rafinmu. Na kira Baffa, na auna kalmomina kamar mai awon gishiri. Na ce, "Kada ka bar shanun nan su haɗu da wata dabba. Ko wace iri ce, ko wa ya ce, sai na dawo." Nufina kada su cuɗanya da baƙin shanu. Ya ce to.

Abin da ya faru bayana, Inna Kande ce ta ba ni labari. Ranar farko ya kori awaki da tumaki daga fadama. Sai balbela ta sauka a bayan bijimi, ya bi ta da jifa, ya waiwayo ya ga ƙadangare a kan turke. Ya je ya tambayi liman ko ƙadangare dabba ne, liman ya ce dabba ce mana. Ya tambaya kaza fa, aka ce ita ma. Baffa ya tsaya ya dubi duniya, ya ga ko'ina dabba ce. Sai ya koro shanun cikin gida, ya dube su, ya dubi ƙofar ɗakinsa, ya ga za su shige. Suka shige kuwa ɗaya bayan ɗaya, ko ƙaho bai gogi bango ba. Inna Kande ta kwashe kwanukanta ta koma ɗakin mahaifiyata tana salati. Baba ya zo da kansa ya ce a kai su rafi tare da nasa. Baffa ya durƙusa ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, cewa ya yi ko wa ya ce." Kullum shi zai yanko ciyawa daga gonarsa ta tudu, ya jawo ruwan rijiya, ya kwashe kashi da kwarya, ya zauna bakin ƙofa da sanda yana tsare kaji.

Ran da na dawo, tun daga tasha na ji labari. Ciwon baki da kofato ya shigo ta mashaya. Duk saniyar da ta sha a rafin nan bakinta na dalala, tana ɗingishi. Manyan shanun Baba takwas na kwance, maruƙa biyu sun mutu. Na ruga fadama, babu komai sai turaku.

Na shigo gida na iske Baba tsaye a ƙofar ɗakin ƙaninsa. Ya ce, "Ga mai umarni ya dawo. Cindo, buɗe mu gani."

Baffa ya dube ni. "Ka dawo ke nan?"

"Na dawo, Baffa."

Ya ɗage asabari. Suka fito ɗaya bayan ɗaya suna ƙifta ido, jikinsu sumul, ba mai dalala, ba mai ɗingishi. Baba ya buɗe bakin kowannensu ya duba, ya ɗaga kofato ya duba. Ya ƙirga su da yatsa. Can ya ce, "Huɗu. A bar maganar rake."

Ni kuwa idona na kan Wake. Cikinta ya saɓe, nononta ya cika, tana ta waiwayen ɗaki tana kuka. Na ce, "Baffa, ina cikin saniyar nan?"

Ya sunkuyar da kai, gumi na keto masa. Sai muka ji wani siririn kuka daga ƙarƙashin gado. Inna Kande ta kutsa ta ɗaga zanen gadonta, ga ɗan maraƙi kamar ɗan akuya, baƙi da fari, kwance a kan matashin kanta.

Baffa ya ce, "Wallahi ban bar ƙofa a buɗe ba, ban ga ta inda ya shigo ba. Na so in raba su, uwar ta tunkuye ni, na bar shi yana sha." Ya matso kusa da ni ya rage murya. "Amma ɗana, ka bar shi a ƙarƙashin gadon, kada Yaya ya sake ƙirgawa. Huɗu ya ce yana son gani."