Ranar da Motar Shara Ta Zo Layinmu

Jiya da safe na fito zan tafi shago, santsi ya kwashe ni na zauna daɓas a cikin kwatar layinmu, da farin yadina. Shekara biyu ke nan kwatar a toshe, bolar bakin titi kuwa ta kusa kamo rufin gidana. Duk sanda muka kai kuka, sai a ce motar shara ta lalace, amma Mai Girma Uban Tsafta, shugaban hukumar shara, yana kwana yana tashi da mu a ransa. Allah ya ƙara masa nauyin barci.

Ƙanin matata, Dogo, shi ke busa ƙaho a wata ƙungiyar makaɗan Afrobit. Ya tarar da ni ina matse riga.

Ya ce, "Yaya, yau za mu rama maka."

Na ce, "Da ƙaho?"

Da yamma sai ga su, su tara, sun kafa ganguna da lasifika a kan bolar. Ba su zagi kowa ba. Sunayen yaran layin da zazzaɓi ya kwantar bana kawai suke jerowa a waƙa, ƙaho na amsawa. Mata suka fito da tsintsiya, maza da shebur. Ni da nake cewa rawa ta marasa aikin yi ce, sai ga ni da manjagara a hannu, kafaɗata na rawa ba da izinina ba. Kafin awa guda mun buɗe rabin kwatar.

Jama'a, sai ga motar shara! Lafiyarta ƙalau, fenti na ƙyalli. Mata suka rangaɗa guɗa. Mai askin layinmu har da ƙwalla, yana cewa, "Ashe da rabon zan gan ta!"

Ma'aikata suka diro, suka wuce shara, suka loda ganguna da lasifika. Shugabansu ya karanto takarda: an kama mu da gurɓata muhalli da hayaniya. Dogo ya rungume ƙahonsa, gadon mahaifinsa ne, sai da mutum uku suka ɓamɓare shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, sharar fa?"

Ya ce, "Ita ai ba ta hayaniya."

Yau makaɗan sun dawo da bokitai da gwangwanayen da suka tsinto a bolar, taron ya ninka na jiya. Dogo na busa guntun bututun ruwa, ido jajur. Matata ta ɗaura ɗamara ta tafi ofishin hukumar karɓo ƙahon ubanta. Ni dai tausayin ofishin nake ji.