Jakadan Da Ba Ya Zama

Wendell Krasnik yana da shekara hamsin da bakwai, kuma shi ne Jakadan ƙungiyar masoya shirin Gaɓar Duhu ta birnin Duluth tun kafin wasu 'yan ƙungiyar su yi haƙori. Muƙamin ba albashi, sai wata sarƙar tagulla da ake rataya wa Jakada a wuya, kuma duk wanda ya ga yadda take kwanciya a ƙirjin Wendell ya san don shi aka ƙera ta. A ranakun aiki manaja ne a wani shagon sayar da kujerun falo. A ranakun hutu kuwa shi ne bakin Durmakawa a doron ƙasa.

Durmakawa su ne mayaƙan nan na wata duniya, masu launin toka da ƙaho biyu a haɓa, waɗanda suka hana jaruman shirin sakat tsawon shekarun da aka yi ana nuna shi a talabijin. An daina shirin tuntuni. Gardama a kansa ce ba a daina ba. Duk ranar Alhamis manyan mutane masu iyali da biyan haraji sukan taru a ɗakin ƙasa na laburare, ga kofi ga donot, su yi ta musu kan ko Durmakawa na jin sanyi, ko kuwa idon nan na uku na abokan gabarsu Selitawa gani yake yi ko ado ne kawai. A wannan fage Wendell ba shi da na biyu.

Allah ya hore masa basira. Ya kalli shirin daga farko har ƙarshe, ya koma ya sake, ya gano abin da ya kuɓuce wa duniya baki ɗaya: ba a taɓa nuna Badurmake a zaune ba. A fada a tsaye suke. A jirgi a tsaye. Har wurin cin abinci a tsaye.

"'Yan uwa," in ji shi ranar da ya yi wa ƙungiya wannan bushara, "Badurmake ba ya lanƙwasa gwiwa. Zama na wanda aka ci da yaƙi ne. Wannan shi ne ƙashin bayan al'adarsu, kuma ni ne ɗan Adam na farko da ya fahimce shi. Ba yabon kai nake yi ba. Tarihi nake faɗa."

Daga ranar ya sa aka jibge kujerun ɗakin a lungu. Taron ƙungiya ya koma na tsayuwa, don girmama baƙin da ba su san ana yi ba. Masu ciwon gwiwa suka riƙa jingina da bango a sace. Aka sa masa suna Falwaya. Da sunan ya kai kunnensa sai ya ce ya dace, ai falwaya ce ke kai wa gari haske.

Mutum ɗaya ce ta ƙi ganin hasken. Loretta Halvorsen ma'aikaciyar jinya ce, wuni take yi a tsaye a asibiti, kuma ita 'yar ɓangaren Selitawa ce ta gani-kashe-ni.

"Yallaɓai Jakada, mota fa?" ta tambaye shi wata rana. "Na gan ka ka faka. A tsaye ka tuƙo?"

"Wannan ba zama ba ne, Loretta. Tuƙin jirgi ne."

"To banɗaki fa?"

"Jakada ba ya amsa tambayar masu ido uku."

A bana Loretta ta ce za ta nemi sarƙar. Alkawarinta ɗaya ne: kujeru. Zaɓen kuwa ana yin sa ne da ɗaga hannu a ƙarshen babban taron shekara, cikin watan Yuli, a wani otal na bakin tafki. Wendell bai damu ba, domin an sanar cewa babban baƙon taron shi ne Percival Dunaway, tsohon da ya fito a matsayin Janar Ukrat, shugaban Durmakawa. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Janar da bakinsa zai tabbatar da maganar a gaban jama'a, Loretta ta koma ta ci gaba da auna zafin jikin mutane.

Ranar taro Wendell ya iso da hantsi cikin cikakkiyar shigar Durmakawa: sulken roba daga wuya har idon sawu, fenti mai launin toka, ƙaho biyu manne a haɓa, sarƙa a kai. Matarsa Marjorie ta biyo shi da gorar ruwa. Na'urar sanyaya zauren ta mutu tun jiya, mutane na fifita da takardar shirin taro. Zauren ya cika da Durmakawa da Selitawa da wasu halittu da ba a san daga wace duniya suke ba, kowa ya sami kujera ya baje. Jakada kaɗai ke tsaye, a gaba, ƙiƙam, hannaye a baya.

"Wendell, sha ruwa," in ji Marjorie.

"Badurmake ba ya sha a gaban talakawa."

"To Badurmake ya sani fentinsa na zuba a takalmi."

Bayan la'asar aka shigo da Mista Dunaway. Tsoho ne ɗan firit, ya haura tamanin, da sanda da hular kamun kifi. Yana hawa dandamali ya nemi kujera ya zauna, ya ce wash. Wendell ya kau da kai, don kada idonsa ya ga abin da bai dace ba. Da aka buɗe fagen tambayoyi shi ya fara karɓar makirufo, kamar yadda ya cancanta. Tambayarsa ta ɗauki lokacin da ya isa a soya ƙwai a cinye. Ta taɓo falsafa, ta taɓo daular Rum, ta ƙare da cewa: "Janar, faɗa wa waɗannan bayin Allah dalilin da ya sa ba ka taɓa zama ba."

Tsoho ya sa hannu a kunne, aka maimaita masa. Sai ya fashe da dariya har da tari.

"Zama? Ɗana, ina halin zama! Robar nan ba ta lanƙwasuwa. Ranar farko na gwada, wandon ya tsage tun daga nan har can, darakta ya kusa kuka. In an tafi hutu jingina mu ake yi da katako kamar tsintsiya. Har yau bayana bai yafe musu ba." Ya ƙura wa Wendell ido. "Kai, naka ma irinsa ne? Bawan Allah, tun yaushe kake tsaye? A ba shi kujera mana!"

Zaure ya kece da dariya. Selitawa na tafi, wasu Durmakawa na dariya har ƙahonsu na ɓallewa. Da wani ƙaramin mutum ne, da ya tsorata a nan. Wendell bai tsorata ba. Ya ƙanƙame makirufo.

"Da girmamawa, Mista Dunaway, kai ɗan wasa ne kawai. Riga aka sa maka. Ni kuwa na yi nazarin Janar Ukrat, na san zuciyarsa fiye da kai. Abin da ya faru da wandonka matsalarka ce da tela. Badurmake na gaskiya, ko sama za ta faɗo, ko ƙasa za ta tsage, ba zai taɓa..."

Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Gwiwoyin da suka wuni a ƙame cikin roba da zafi suka yanke shawara ba tare da sun tuntuɓi Jakada ba. Ya tafi luuu, ya zube a kan teburin donot.

Loretta ce ta fara isa kansa, aikinta ne. Ta cire masa sarƙar don ya sami numfashi, ta sa aka yanka sulken da almakashi, ta ɗura masa ruwan Marjorie. Ma'aikatan otal suka kawo keken marasa lafiya. A ciki ya farfaɗo, zaune daram, ana tura shi ta tsakiyar zaure, wayoyi sama da ɗari na ɗaukarsa hoto. Mista Dunaway ya sara masa da sanda.

"Ya ka ji daɗinsa, ɗana? Ni ma sai da na yi ritaya na ɗanɗana."

Aka yi zaɓe yana ɗakin jinya. Ba a sha wahalar ƙirga hannaye ba. Wasu har biyu suka ɗaga, aka ce su sauke ɗaya. Ko neman sarƙar ba a yi ba, tana aljihun Loretta.

Likita ya ce babu komai sai ƙishirwa. Wendell ya ce makirci ne na Selitawa, kuma ba zai ƙaurace wa ƙungiya ba, zai tsaya mata a matsayin abin tunawa. Ranar Alhamis da ta wuce ya zo taro. Kowa na zaune, ana gardama kan ko Durmakawa na da haƙoran hikima. Shi kuwa ya kafe a bakin ƙofa, ƙirji a waje, hannaye a baya, yana jiran a lura. Wata sabuwar 'yar ƙungiya ta shigo a makare, ruwan sama ya jiƙa ta. Ta dube shi sama da ƙasa, ta miƙa masa lemarta da rigar ruwanta, ta ce na gode, ta wuce ta zauna.

Ya karɓa, ya rataye.