Makon da Mataki-Mataki Ya Kwanta

Idan ana lissafa mutanen da Allah ya yi wa baiwar koyarwa, a fara da Babban Jami'in Tsara Horo da Bunƙasa Ƙwarewar Sababbin Ma'aikatan Jinya, sannan a zauna a huta kafin a nemi na biyu. Sunan muƙaminsa kaɗai sai da aka haɗa alluna biyu kafin ya samu shiga ƙofar ofis. A asibitin dai ba mai wahalar da harshensa. Tun daga likitoci har mai gadi, kowa Mataki-Mataki yake ce masa, domin a wurinsa ko atishawa tana da mataki bakwai.

Shi ma nas ne, a takarda. Shekara goma sha tara da suka wuce ya yi wata huɗu a ɗakin marasa lafiya, ya gano cewa wurin yana da wari, mutanen ciki kuma ba su da lafiya, sai ya nemi a mayar da shi ofis. Daga baya aka tura shi kwas na kwana uku a ƙasar waje, kuma har yau bai gama dawowa ba. Ya zo da jaka mai tambari, da ƙaramar sanda mai jan haske ta nuna rubutu a allo, da wata tafiya ta ɗaga haɓa wadda ta sa ya taɓa faɗawa bokitin mai shara. Kullum abin sauraron ƙirji yana rataye a wuyansa, sabo fil, bai taɓa jin bugun zuciyar kowa ba sai tasa.

Duk nas ɗin da ya gama makaranta aka ɗauke shi aiki, sai ya yi wata shida a hannun wannan bawan Allah a hawa na uku. Rukunin bana su goma sha biyu ne, mata goma, maza biyu, duk sun zo da fararen takalma da zumuɗi. Sati uku na farko suka yi a kan tarihin aljihun rigar nas. Bayan nan aka shiga wankin hannu, shafi sittin da ɗaya a majigi, ba ruwa ba sabulu, saboda ruwa yana jiƙa masa kafet. Sai su tashi tsaye su wanke hannu a iska, shi kuma yana zagayawa yana gyara wa wannan babban yatsa, yana rage wa waccan maki.

Akwai hannun roba mai jijiyoyi da aka saya don koyon allura da saka ƙarin ruwa. Yana cikin kabad na gilashi, a ledarsa, makullin kuma yana aljihun malam. Ranar Alhamis ake ziyartarsa. A jeru, a tsaya taku biyu daga gilashin, a kalla, a koma.

Wata daga cikinsu, wadda 'yan uwanta suka laƙaba wa Tambaya don ba ta iya haɗiye magana, ta ɗaga hannu wata Alhamis ta ce yaushe za su taɓa shi.

Mataki-Mataki ya cire tabarau, ya dube ta da tausayi. "Allura ba hannu ke yin ta ba, tunani ne," in ji shi. "Kowane jahili zai iya soka wa mutum ƙarfe. Ni ƙwaƙwalwa nake gina muku. A can inda muka yi karatu, sai mutum ya fahimci jijiya a zuciyarsa kafin ya neme ta a jiki."

Ya kuma tuna musu babbar dokarsa: ba sabon nas da zai taɓa mara lafiya sai da shuɗiyar takarda mai sa hannunsa, kuma sa hannun ya yi daidai da samfurin da ya manna a bango don gudun masu jabu.

A ƙasa kuwa, Sista Babba mai kula da ɗakin maza tana da gado talatin da nas uku. Sau biyu tana hawowa tana haki, tana roƙon a ba ta ko mutum huɗu su tsaya kusa da ita su ga yadda ake aiki. Ya amsa mata a rubuce cewa kokenta ya tsallake mataki na huɗu.

Abin ya faru ne wata Laraba. A jajibirinta an yi taron bita, naman da aka raba ya ragu, malam ya kwashe ya zuba a bayan mota, naman ya wuni a rana. Matarsa ta sunsuna ta ce a zubar. Ya yi mata laccar minti ashirin a kan yadda cikin ma'aikacin lafiya ya bambanta da na sauran jama'a, sannan ya cinye.

Da hantsi ya hau darasi mai taken Gaggawa: Ma'anarta, Tarihinta da Rabe-rabenta. Kafin shafi na goma ya fita sau biyu, wai ana kiransa daga sama. Kafin na talatin ya fita sau biyar, kuma kowace dawowa sai a ga wuyan rigarsa ya ƙara yi masa yawa. Leɓensa ya bushe, idonsa ya faɗa. A shafi na arba'in, yana tsakiyar bayanin cewa babu abin da ya kai natsuwa muhimmanci, sai jan hasken ya bar allo ya hau silin, shi kuma ya sulale ƙasa.

A nan ne aka ga amfanin horo mai inganci. Ba wanda ya ruɗe. Mataki na ɗaya, a gabatar da kai ga mara lafiya. Suka yi layi, kowa ya durƙusa ya yi masa sallama, ya faɗi sunansa da shekarar da ya gama makaranta. Mataki na biyu, a tambayi mara lafiya abin da yake tsammani daga wannan hulɗa. Ya ce ruwa. Aka rubuta. Mataki na uku, shuɗiyar takarda. Aka kawo, aka saƙala masa biro a yatsu, ya ja wani abu kamar sawun kyankyaso da ya faɗa tawada. Shugaban ajin ya kai takardar bango, ya gwada da samfuri, ya dawo cikin ladabi ya ce bai yi daidai ba.

"Ni ne," in ji Mataki-Mataki daga ƙasa. "Ni ne mai sa hannun."

Shugaban ajin ya ce ai malam da bakinsa ya gargaɗe su cewa haka masu jabu suke faɗa. Ɗaya namijin ya kawo shawarar a kafa kwamiti. Malam yana kwance, kuncinsa a kan kafet, yana jin kalmominsa suna fitowa daga bakin wasu, kuma duk da halin da yake ciki bai fasa lura da cewa kalmomin sun tsaru ba.

Tambaya ce ta karya doka. Ta fita da gudu, ta dawo da Sista Babba da gadon turawa.

A ɗakin maza likita ya duba shi, ya ce ruwan jikinsa ya ƙare, a saka masa ƙarin ruwa yanzu. Mataki-Mataki ya jawo hannun Sista, ya raɗa mata cewa don Allah ita ta saka da kanta. Ita kuwa da ƙarfi ta amsa, a gaban idanu ashirin da huɗu.

"Ranka ya daɗe, wata huɗu suna hannunka. Ko ba ka yarda da ɗalibanka ba ne?"

Ya ce ya yarda da su ɗari bisa ɗari, sannan ya juya fuska bango.

Sista ta kira Tambaya. Ta sa ta wanke hannu a famfo, da ruwa na gaske, ta saka safar hannu. Ta nuna mata inda ake ɗaure dantse, ta kama yatsanta ta ɗora a kan fatar, ta ce ta daina kallo, ta lalubo abin da ke motsi kamar igiya mai laushi. Sukan farko ya kuskure, malam ya saki wata ƙara da ba ta cikin manhaja. Sista ba ta karɓi allurar ba. Ta ce mata ta numfasa, ta kwantar da bakin allurar kaɗan. A na biyu jini ya leƙo a gindin robar. Tambaya ta tsaya tana kallonsa kamar an yi mata albishir, sai da Sista ta taɓa kafaɗarta ta ce ta liƙa filasta kafin ta yi kuka.

Bayan azahar matarsa ta iso da filas da bargo. Da ta ji likita ya ce kwana huɗu, kuma ana neman izini ɗalibai su riƙa kula da shi, sai ta karɓi biro tun kafin a gama karanta mata. Ta tarar an sa masa ma'aunin zafi a baki, ta zauna ta dube shi ta daɗe.

"Sista, shekara goma sha takwas da aurenmu, yau na fara ganin Baban yara ya yi shiru," in ji ta. "Ba a iya barin abin nan ya ɗan ƙara jimawa?"

Kwana huɗun nan ɗakin maza ya ga abin da bai taɓa gani ba. Kowace safiya ana auna jinin malam sau goma sha biyu. An juya shi dama, an juya shi hagu, an canza zanen gado yana kai, an koyi ƙirga ɗigon ruwa, an koyi miƙa fo na bahaya da ɗauke shi ba tare da an ɓata fuska ba. Tsohon direban da ke gadon kusa, mai karaya a ƙafa, ya kasa haƙuri ya tambaye shi wane laifi ya yi musu. Daga gadon malam Sista ta riƙa wucewa da su sauran gadaje, biyu-biyu, suna wanke ciwo suna ɗaure bandeji. A kwana na uku nas ukun nan nata suka ci abincin rana a zaune.

Da aka sallame shi, ya huta kwana biyu, ya goge abin sauraron ƙirjinsa, ya halarci taron shugabannin sassa. Tun kafin a ba shi dama ya miƙe.

"Wasu sun ɗauka rashin lafiya na yi," in ji shi. "Abin da kuka gani shiri ne. Sunansa Sabon Salon Horo ta Hanyar Sadaukar da Jiki, kuma na daɗe ina nazarinsa. Malami na gaskiya ba ya tsayawa a allo. Yakan miƙa wa ilimi dantsensa."

Shugaban asibitin, dattijo mara yawan magana, ya gyaɗa kai ya ce abin ya burge shi, ko za a samu a rubuce. Mataki-Mataki ya rubuta shafi goma sha ɗaya, ya ƙare da shawarar cewa duk asibitin da ya san ciwon kansa ya rungumi tsarin, ya sa hannu, kuma wannan karon sa hannun ya fito sarai.

Amsa ta zo a ambulan mai hatimi. Hukumar asibiti ta yaba, ta amince da shawarar ba tare da gyaran ko wasali ba. Daga yanzu za a yi horon sababbin nas a gefen gado a ƙarƙashin Sista Babba, shi kuma wanda ya ƙirƙiro salon zai buɗe kowane zango da kwanciyar mako guda a gadon marasa lafiya.

Ya karanta sau uku yana neman matakin da aka tsallake, bai samu ba. Rukunin da zai fara ranar Litinin su arba'in ne. Sista Babba ta aiko a gaya masa ya zo da riga mai gajeren hannu.