Kawu Aradu da Sarkin Bayan Labule

Duk wanda bai taɓa jin muryar Kawu Aradu ba, gaskiya kunnuwansa sun yi zaman banza a duniya. Murya ce wadda idan ya yi sallama a ƙofar gida ɗaya, gida uku ke amsawa. Shekara talatin da ɗaya ya yi a gidan rediyo, kuma a faɗarsa da maƙogwaronsa ya riƙe jama'a duk tsawon lokacin nan. 'Yan baƙin ciki suna cewa aikinsa bai wuce karanta cigiyar awaki da sanarwar ɗaurin aure ba. To sai me? Ku nemo mini wani mahalukin da zai ce "an nemi jar akuya mai ɗingishi an rasa" har tsigar jikin mutum ta tashi.

Tun da ya yi ritaya yake tattalin muryar nan kamar jaririya. Tawul a wuya ko ana zafin da kwalta ke narkewa, fulas na ruwan ɗumi da zuma a hammata. Kafin ƙarfe goma na safe ba ya amsa gaisuwa da baki, sai dai ya ɗaga yatsu biyu.

Yana da 'yar ƙanwa, ma'aikaciyar jinya, yarinya shiru-shiru. Shekara bakwai ta yi tana rubuta wani ƙaton littafi a tsakanin aiki da aiki, labarin yaƙe-yaƙe da matsafa da wata daula da ta haɗiye ƙasashe tara. Allah ya taimake ta, wani kamfani mai mayar da littattafai abin sauraro ya karɓa. Suka ba ta ɗakin ɗaukar murya na kwana goma, da sharaɗin ta miƙa aiki ranar Alhamis, in ba haka ba a ba wani marubucin gurbinta. Har sun samo mata mai karatu, sai uwarta ta ji labari.

"Ga yayana a zaune, murya har ta yi masa yawa, ki ɗauki abin arziki ki kai wa bare?"

Magana ta ƙare. Yarinya ta rungumi littafi ta kai wa Kawu tun saura mako biyu, ta durƙusa ta ce don Allah ya karance shi kafin a shiga aiki. Ya ɗaga shi ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya yi murmushin manya.

"Ɗiyata, ɗalibi ne ke bita. Ni ban taɓa duba takarda kafin in karanta ta ga duniya ba. Idona na sauka, bakina na tashi. Wannan ita ake kira baiwa."

Littafin bai yi asarar zuwa ba dai. Teburin falonsa dama yana da gajeriyar ƙafa ɗaya.

Ɗakin ɗaukar muryar ɗan ƙarami ne, an manne bangonsa da soso, da tagar gilashi wadda ta bayanta wani mutum mai furfura yake zaune gaban maɓallai. Mai Na'ura ake ce masa, kuma a yini bai fi ya yi magana biyar ba. Ranar farko Kawu ya sa an canza kujera sau uku, an kashe na'urar sanyaya ɗaki, sannan ya yi wa Mai Na'ura bayanin yadda makirufo ke aiki. Bawan Allah ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe," ya danna jan maɓalli.

A ba shi haƙƙinsa, ya iya karatu. Dawakai sun yi sukuwa a bakinsa, garuruwa sun ci wuta. Amma inda ya mutu a kai shi ne Babban Sarki, mai daular, wanda shekara goma sha biyu ba wanda ya ga fuskarsa. Daga bayan wani baƙin labule yake magana, kuma maganarsa uku ce tal: "A ƙara runduna!" da "Wa ya isa?" da "Ni ne daular!" Duk sanda aka zo wurin, sai Kawu ya miƙe tsaye, ya dafa ƙirji, ya saki tsawar da ke sa Mai Na'ura cire abin sauraro yana sosa kunne.

Kafin kwana huɗu sarautar ta bi shi gida. Matarsa ta ce ya ɗan matsa ta share ƙarƙashin kujera, ya ce, "Wa ya isa?" Mai gyaran famfo ya ce aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ya ce, "A ƙara runduna!" A wurin aiki kuwa ya dubi marubuciyar ta saman tabarau.

"Kada ki ɓoye mini, 'yar nan. Da kika zauna ƙera wannan sarki, ni kika tuna. Kwarjinin, isar, ƙarancin magana. Jini ba ya ƙarya."

Ta sunkuyar da kai. Ba ta ce e ba, amma ni shaida ne ba ta ce a'a ba.

Sau uku tana ƙoƙarin yi masa maganar babi na arba'in. Na farko ya ɗaga mata yatsu biyu, don goma ba ta yi ba. Na biyu ya ce marubuci aikinsa ya ƙare daga sanda ya ajiye alƙalami. Na uku ya ce kada ta ɓata masa daɗin labari.

Ranar Laraba, kwana na tara, aka iso wurin. Jarumar labarin, wata mayaƙiya mai hannu ɗaya, ta keta dakaru, ta karya tsafin ƙofofi bakwai, ta tsaya gaban labule. Kawu ya miƙe, ya gyara tawul, ya cika ƙirji da iska.

"Sai ta fizge labulen! Babu sarki, don sarki ya daɗe a ƙasa, fadawa sun ɓoye mutuwarsa suna cin daula. A kan karagar zinariya wani tsohon aku ne, gashin wuyansa duk ya zube, ba abin da ya sani sai maganganu uku da ya haddace. Ya karkata kai ya dube ta, ya ce, NI NE DAULAR!"

Wallahi sai da ya kai ƙarshe, da dafa ƙirjin da komai, sannan maganar ta iso kansa. Mai Na'ura ya duƙa ƙarƙashin tebur wai yana neman wata waya, kafaɗunsa na rawa.

"Aku?" in ji Kawu. "Ni? Kwana tara ina zuba basirar shekara talatin da ɗaya a bakin tsuntsu? A canza! In ma dole sai dabba, a sa zaki."

Yarinyar nan da ba ta taɓa musa masa ko a kan gishiri ba ta miƙe.

"Kawu, ka yi haƙuri. Shekara bakwai na yi ina tafiya zuwa wurin akun nan. Ba zan canza shi ba."

Ya ɗauki fulas ɗinsa, ya sanar da bango cewa tarihi zai yi hukunci, ya fita. Saura babi uku, saura kwana ɗaya. Ta zauna ta yi kuka mai isarta, don ta ga shekara bakwai sun bi shi ta ƙofa. Mai Na'ura ya bari ta gama, sannan ya kashe maganarsa ta yini gaba ɗaya.

"Shiga ki karanta. Ke kika san hanya."

Ta ce muryarta ta kiran marasa lafiya ce a layi. Ya nuna mata kujera kawai. Ta fara a daburce, shafi biyu sai ta manta da makirufo. Muryar ba ta girgiza gilashi, amma ta san inda mayaƙiyar ke jin tsoro da inda take ƙarya. Wuraren akun kuwa ba su ba da wahala ba. Mai Na'ura yana da "Ni ne daular!" guda arba'in da ɗaya a ajiye, sai wanda ya zaɓa. Alhamis kafin la'asar aka tura aiki.

Littafi ya fita, ya karɓu. Direbobi na ji a mota, teloli na ji a shago, ana ta gardamar labule. Da labari ya kai wa Kawu, sai fushinsa ya warke ba magani. Ya tara dangi a falonsa, ya tsaya kusa da teburin nan mai gajeriyar ƙafa.

"Tun shafin farko na gane tsuntsu ne. Gwani ba ya nuna ya gane. Ficewar da na yi ma dabara ce, don yarinya ta samu ta gwada kanta. Kawo wayar nan in karanta muku abin da masoyana ke cewa."

"Kawu, da ka fara dubawa tukuna…" in ji marubuciyar.

"Ɗalibi ne ke bita."

Ya gyara tawul, ya yi gyaran murya, ya saki tsawa.

"Jinjina ga dattijon da ya yi muryar sarki! Tun babi na ɗaya na ce wa matata, wannan ba mutum ba ne, wani abu ne da ya haddace surutu bai san ma'anarsa ba. Ashe kuwa! Don Allah a ina kuka samo shi?"

Matarsa, da ke shigowa da tiren kofuna, ko tsayawa ba ta yi ba.

"Ku ce masa a falona. Shekara talatin da biyar ke nan ina ba shi ruwa."