Kafon Motar Mushe Isufu

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na je sayen mota wajen Mushe Isufu, tsohon malamin lakwal ɗin nan na Matameye, wato makarantar boko (Mushe muke ce wa malamanta). Shekara da shekaru ina noman rake ina tari don in samu abin jigila tsakanin nan da Damagaram, ga shi ni mutum ne da ko gaisuwa ta yi tsawo sai in fara lalubar aljihuna. A ganina duk mai sayar da tsohuwar mota ɓarawo ne da bai samu dare ba.

Wani abokina direba ya ƙara mini fetur. Ya ce masu wayo kan tada mota su ɗumama inji kafin mai saye ya zo, don kada a ji tarin da take yi da sanyin safiya. Dabara ita ce in riga alkawari zuwa, in ɗora hannu kan kafo, wato murfin inji. In da ɗumi, to akwai lauje cikin naɗi.

Mun yi da Mushe hantsi, ni kuwa rana na fitowa ina ƙofar gidansa. Na lallaɓa kamar mai satar kaza, na taɓa kafo. Zafi ƙau! (Wallahi daɗi na ji. Mai zargi ba abin da yake so irin zarginsa ya tabbata.)

Da Mushe ya fito, ko amsa gaisuwarsa ban gama ba na fara zuba. Na ce mun san wannan wasan, ba yau aka haife mu ba. Na ce gemu fari ba ya hana cuta. Masu shan shayi a teburin da ke gefe suka aje kofuna, ni kuwa ganin na samu 'yan kallo sai na ƙara murya.

Ya bar ni sai da na gaji don kaina. Sannan ya ce da asuba ya je Dawce ɗauko gero, a hanyar dawowa ya tarar da wata tsohuwa bakin titi tana jiran mota zuwa likita, wato asibiti, ƙafa ta kumbura, shi ne ya ɗauko ta. Tana cikin gida ma tana shan kunu kafin a buɗe likitar.

Na yi dariyar rainin wayo, na ce a fito da tsohuwar mu gani.

Aka fito da ita. Inna ce. Mahaifiyata, wadda na yi ta cewa zan je Dawce in dubo ƙafarta in na gama da zancen mota.

Ta dube ni, ta dubi jama'a, ta ce, “Tun daga ciki na ji muryar, ina ta roƙon Allah ya sa ba kai ba ne.”

Na so ƙasa ta tsage. Na durƙusa ina ba da haƙuri, har na ce na saya yadda ya faɗa, ba ragi. Mushe ya yi murmushi ya ce, “Albarka, ɗana. Kai dai kai ta likita.” A kan babur ɗin haya na kai ta.

Wani mutumin Dungu ya saye motar, har yau tana kan hanya lafiya lau, ba ta ko tari. Nakan shige ta in biya kuɗina kamar kowa, can kujerar baya.

Har gobe ina taɓa kafo, wannan ba laifi ba ne. Sai dai yanzu in na ji ɗumi, nakan fara tambayar wa aka ɗauko.