Ranar da Na Koya wa Bature Duba Haƙoran Sa

Ko sunana na manta, ba zan taɓa mantawa da intabiyun da na yi a Kano ba.

Lokacin ina malamin ofis a Haɗejiya, saura 'yan shekaru Turawa su tafi. Aka ce za a kai mutum ɗaya daga lardinmu Ingila ya yi karatun kasuwanci mai zurfi, irin wanda ke kai mutum har babban digiri. Wallahi na ƙwallafa rai. Aka ba mu ɗan littafi mai jerin fannoni, kowa ya zaɓi ɗaya: banki, inshora, sufuri, sai wani wai shi "stock market".

Ina gani na yi murmushi. Kullum ina wuce allon ofishin dabbobi, an rubuta "livestock". Maket kuwa kasuwa ce. Kasuwar dabbobi, kara ke nan! (Ban tambayi kowa ba. Ni ake kawo wa wasiƙar Turanci in fassara, wa zan tambaya?)

Sati huɗu ina taka keke zuwa karar garin Malam Madori, wurin wani tsohon dillali, Baba Ari.

"Ɗan nan, yanzu dillancin shanun ma sai an haye teku?"

"Baba, nasu mai digiri ne."

Ya koya mini duba tozo da kofato, har wani bijimi ya taka ni.

Ranar intabiyu na sauka daga jirgin ƙasa a Kano ina ƙamshin turare. Bature ne a zaune, da wani dattijo Bahaushe, jami'in ilimi. Baturen ya tambayi dalilin da na zaɓi wannan fanni. Na ce ai mu gado muka yi, duk ranar kasuwa ana yi a wajenmu.

Ya gyara zama. "A Haɗejiya? To, yaya kake gane mai kyau kafin ka saya?"

Nan fa na miƙe tsaye. Cikin Turancina mai maiƙo na ce, "Ranka ya daɗe, ka buɗe bakinsa ka ƙirga haƙora." (Har na ja leɓena da yatsa na nuna masa.) "Sannan ka zaga baya ka ɗaga wutsiya."

Bature ya yi jawur, ya toshe baki da hankici, kafaɗunsa na rawa. Dattijon nan ya ce da Hausa, a hankali, "Malam, zauna. Hannun jarin kamfanoni ake nufi. Ba su da wutsiya."

Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige na gode mata.

Wani malamin makaranta daga Gumel aka ɗauka. Shi ma fannin ya zaɓa, shi ma an yi masa tambayar. Ya ce, "Ban sani ba, ranka ya daɗe, shi ya sa nake son in je in koya."

Kalma uku kacal, ban sani ba, suka kai shi Ingila. Ni sai da na rasa Ingila bakina ya iya faɗarsu.