Abin da Ke Ƙarƙashin Duron Ruwana

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da magina suka ɗaga duron ruwan gidana ba, ko da kuwa na so in manta. Na gwada, abin ya ƙi.

Lokacin da nake gina gidana a Takur, ban yi aure ba, filin da ke gefena kuma babu komai a cikinsa sai tumfafiya da awaki. Da aka zo fitar da bayi sai wuri ya gaza. Na duba gabas na duba yamma, na ce wa maginina ya ɗan tura katangar cikin filin maƙwabci. Taku biyu ne kacal (haka nake faɗa wa kaina, amma takun nawa na ranar masu faɗi ne). Matsalar ita ce ɗan turken simintin nan da masu awon fili ke kafawa a kan iyaka, wanda yanzu ya dawo cikin gidana. Na yi haƙa na yi haƙa ya ƙi fita. Sai na sayo duro na ɗora a kan turken na rufe maganar da shi, na cika shi da ruwa, na ce shi ke nan.

Ashe filin na wani dattijo ne mai koyar da karatu, wanda duk unguwa ke kira Malam. Bayan shekara huɗu ya tare a gefe guda na filin, muka zama maƙwabta na gaske. Shi ke ja mana salla, ni kuma, don ƙarfin hali, ni ne sakataren kwamitin masallaci. Na taɓa miƙewa bayan Magariba na yi wa jama'a doguwar nasiha a kan haƙƙin maƙwabci, har wani ya share hawaye.

Da Malam ya fara gina ajin Islamiyya a jikin katangata, ginin ya tashi ya wuce ta. Bangon da ke kallon gidana ba zai shafu ba sai an shigo ta wajena an kafa katakon takawa, daidai inda duron yake. Wata safiya shugaban maginan, Sale birkila, ya yi mini sallama.

"Yallaɓai, alfarma muke nema. Wuni ɗaya kawai, mu yi filasta mu fita kafin ruwa ya sauka. Bulo in ya sha damina tsirara, lalacewa yake."

Na san in suka ga turken nan, bayina ya tafi, mutuncina ya bi shi. Sai na gyara murya na ce, "Malam Sale, ai ka san gidan matan aure ne. Iyali na ciki, ba a shiga."

Ya kalle ni na ɗan lokaci, ya ce, "To, Yallaɓai," ya juya.

Abin da ban tsaya na lissafa ba shi ne, matata tana Kafin Hausa wajen iyayenta tana wankan jego, haihuwar fari. Kuma ni da kaina na ɗauki hayar bas na kwashi mutanen unguwa zuwa suna, kwana tara kafin nan. Malam ne ma ya yi addu'a. Sale kuwa a kujerar baya ya zauna, riƙe da kwandon goro.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa sai na shiga gyara ƙarya. Na fito da zannuwan matata daga sif na shanya su a igiya inda za a hango daga saman gini. Na riƙa barin rediyo a kunne in zan tafi ofis. In na dawo sai in tsaya a zaure in rangaɗa sallama da ƙarfi, in ɗan saurara kamar ana amsawa (kaji ne kawai ke amsawa). Har na taɓa ɗaga murya na ce, "A kawo mini ruwa," sannan na tashi na ɗebo da kaina. Kwana goma ina wannan wahalar, hadari kuma kullum sai ƙara haɗuwa yake. Barci ya ƙaurace mini, na rame, a ofis aka fara tambayata ko zazzaɓi ne.

Ranar Asabar bayan Azahar, muna fitowa daga masallaci, mai unguwa ya riƙe hannuna a gaban mutane.

"Sakatare, an ce ka hana magina shiga."

"Ranka ya daɗe, ba hanawa na yi ba. Iyali ne."

"Wane iyalin? Waɗanda muka je wa suna, ko an ƙaro wasu ba mu ji ba?"

Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Malam ya sunkuyar da kai ya ce a ƙyale ni, ba dole. Amma mai unguwa ya riga ya kama hanyar gidana, hannuna a cikin nasa, rabin sahu na biye da mu.

Muka shiga. Rediyo na ta magana shi kaɗai. Zannuwa sun yi kwana goma a rana har sun ƙoɗe. Mai unguwa ya tsaya a tsakar gida ya yi sallama sau biyu, da gangan, wata kaza ta leƙo ta koma. Na yi fatan abin ya tsaya a nan, don wannan kunyar zan iya ɗauka. Sai na ji Sale yana ce wa mutanensa, "Ku zubar da ruwan nan ku matsar da duron."

Suka karkata shi, ruwa ya malale, suka mirgine shi gefe. Ga turken nan a tsaye, a wanke tas, lambarsa ta fito raɗau. Kowa ya dube shi, ya dubi katanga, ya auna tsakaninsu da ido. A unguwar da kowa ya sayi fili ya gina, babu wanda ke buƙatar bayani.

"Allah ya gafarta Malam," in ji mai unguwa, "wannan ai iyakarka ce."

Malam ko matsowa bai yi ba. Ya ce, "Na sani. Tun ranar da na auna filin na ga ya ragu. Na ce yaro ne, wuri ya yi masa kaɗan." Sannan ya juyo wajena. "Ɗana, na bar maka tun tuni, ga shaidu kuma yau na sake bar maka. Ni filasta kawai na zo nema."

Da zagina ya yi, da na samu abin riƙewa. Da ya ce in rushe bayin, da na rushe na ce mun yi daidai. Amma ya bar ni tsaye a cikin laka, da silifas ɗaya a ƙafa. Maginan suka kafa katakonsu, kafin Magariba sun gama. Sale har ya share mini wurin, ya tambaye ni cikin ladabi ko in mayar da duron inda yake.

Na ajiye sakatarancin a makon. Yanzu a sahun baya nake salla, kusa da takalma, ina sallamewa in fice. Da matata ta dawo, tun a tasha ta ji labari, tambayarta ta farko kuma ita ce wa ya ba ni izinin ƙoɗar mata da zannuwa. Na yi tunanin sayar da gidan, amma duk wanda zai saya sai ya auna, in ya auna kuma sai na sake bayani.

Darasin da na koya bai da wani girma. In maƙwabci ya roƙi wuni ɗaya a gidanka, ka buɗe masa ƙofa, don wataƙila ya daɗe da sanin abin da kake ɓoyewa yana rufa maka asiri. Kullum da safe yaran Islamiyya na karatu a bayan bangon nan mai santsi, ni kuma ina shiga bayi da butata, a cikin filin Malam.